In na'ura ta iya yin komai, me zai sa a ci gaba da sayen kayan alatu masu tsada?

Ɗan_Auta ya rubuta:

Assalamu alaikum yayyena da iyayena. Akwai abun da ya daɗe yana min yawo a kai, nace bari in kawo shi nan ko masana zasu warware min. Ina bibiyar labaran kasuwanci sosai musamman ɓangaren kayan alatu, jakunkuna da agogo da gwala-gwalai da motocin alfarma, su Louis Vuitton da Gucci da Rolex da sauransu, kuma abun da nake gani kwanan nan ya ɗaure min kai wallahi.

Fasaha tana ta gudu, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ko ina ka juya maganar AI ake, wato ƙirƙirarriyar basirar na'ura, na'ura tana zana maka jaka ko takalmi kafin ka ƙifta ido, ana haɗa daimon a ɗakin gwaji wanda ido ba zai taɓa bambance shi da na ƙarƙashin ƙasa ba, masu yin jabu kuma sun ƙware har sai an sa madubin ƙara girma kafin a kama su. Su kuma manyan kamfanonin kamar sun fara haki, LVMH, kamfanin da ya mallaki Louis Vuitton, da shine uban tafiya mai tambari sama da 70 cinikinshi ya sauka daga yuro biliyan 86 a 2023 zuwa ƙasa da 85 a 2024, ba wata babbar faɗuwa bace amma an saba kullum sama yake yi.

To tambayata, nan da shekara 10 ko 15 wa zai ci gaba da sayen kayan nan? Fasahar ce zata kashe kasuwar ko ita zata ceto ta? Kuma shi matashin da yake son shiga harkar kasuwanci ko fasaha wane ɓangare ya kamata ya sa wa ido? Dan Allah mai ilimi a kai ya taimaka.

Baban Khalifa ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan ƙanena. Tambayarka tayi kyau amma ni a ganina ka ɗora wa fasaha laifin da ba nata ba. Ba AI bane ya sa su haki, haɗama ce.

Ka duba abun da sukayi bayan korona. Mutane sun fito daga kulle da kuɗi a hannu, basu yi tafiya ba basu je biki ba, sai suka afka wa sayayya, su kuma kamfanonin da suka ga haka sai suka dinga ƙara kuɗi ba ƙaƙƙautawa, jakar Chanel ɗin nan da aka fi sani matsakaiciyar ta a 2019 bata kai dala 6,000 ba, zuwa 2024 ta haura dala 10,000, kuma jakar dai ita ce, ba a canza fatar ba ba a canza ɗinkin ba. Attajiri na gaske wannan bai dame shi ba. Wanda ya dama shine ma'aikacin nan ko ƴar kasuwar nan da take tara kuɗi shekara guda don ta sayi jaka ɗaya tak ta ji ita ma ta shiga sahu, kuma irin su ne fa suka fi yawa, sune suka gina kasuwar. Kamfanin Bain da yake fitar da rahoton wannan harka duk shekara yace tsakanin 2022 da 2024 masu saye wajen miliyan 50 ne suka janye. Miliyan 50 fa. Kuma yace ƴan tsirarun manyan kwastomomi da basu wuce kashi 2 cikin 100 ba su suka sayi sama da kashi 40 na kayan a 2024.

Sai kuma China. Shekaru da yawa ƴan China ne injin wannan kasuwa, ko a gida ko in sun fita yawon buɗe ido Paris da Milan, to da harkar gidaje ta rushe musu, manyan kamfanonin gina gidaje su Evergrande suka durƙushe, mutum ya ga gidan da ya zuba dukiyarshi darajarshi tana zubewa, ai ba zai fita sayen bel na yuro 500 ba. Gucci shi yafi kowa ji a jikinshi, daga sama da yuro biliyan 10 a 2022, a 2024 kaɗai cinikinshi ya faɗi da kashi 23, har kamfanin Kering da ya mallake shi ya ɗauko shugaba daga kamfanin motoci na Renault, Luca de Meo, a 2025 ko zai iya gyara lamarin.

Amma ga abun da nake so ka lura da shi sosai. A wannan shekarar ta 2024 da kowa ke kuka, Hermès cinikinshi ƙaruwa yayi, ya haura yuro biliyan 15. Me yasa? Saboda su basu taɓa yarda su cika kasuwa da kaya ba, kuma aikin hannun nasu na gaske ne. Baduku ɗaya ne yake haɗa jaka tun daga farko har ƙarshe, yakan ci awa 15 ko 20 ko fiye, ɗinkin kuma irin na sirdi ne, zare ɗaya da aka shafe da kakin zuma, allura biyu ɗaya a kowane baki, ya huda fatar da basilla sannan ya zura wannan allurar ta dama waccan ta hagu su gitta a cikin rami guda, ya ja ya ɗaure, haka har ƙarshe, shi yasa ko zare ya tsinke a wuri ɗaya ɗinkin baya warwarewa kamar na keke. Wannan keken ɗinki bai iya shi ba. Kuma kafin yaro ya ƙware a kai sai ya shekara yana koyo, shi yasa ko suna so ba zasu iya ninka kayan a dare ɗaya ba.

Ka haɗa wannan da abun da kotun Milan ta bankaɗo a 2024, inda takardun bincike suka nuna wani reshen Dior yana biyan ƴan kwangila yuro 53 ladan haɗa jakar da ake sayarwa yuro 2,600 a shago, duk da dai kuɗin fata baya ciki, kuma ma'aikatan a cikin masana'antar suke kwana. An sa reshen a ƙarƙashin kulawar kotu na wasu watanni kafin a ɗage, haka akayi wa wani reshen Armani, a 2025 kuma Loro Piana. Wannan ya fi min ciwo a kan komai, don mutum ya biya tsada ne da yaƙinin cewa ƙwararre ne ya zauna yayi aikin an kuma biya shi haƙƙinshi. In wannan yaƙinin ya karye to me ya rage? Ni a nan nake ganin makomar kasuwar take, wanda zai iya nuna wa yayi aikin, a ina, nawa aka biya shi, shi zai tsira.

Ummu_Iman ta rubuta:

Baban Khalifa ka yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ban yarda da cewa fasaha bata da hannu ba, ka je ka tambayi masu daimon kaji.

Ɗan_Auta ɗana, wannan daimon na ɗakin gwaji da ka ambata ba jabu bane fa, kar ka haɗa su. Daimon ne sak, sinadarinshi ɗaya taurinshi ɗaya. Ana ɗauko ɗan siririn yanki na daimon a sa a cikin wata tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki, a tura iskar gas mai ɗauke da kabon a dumama ta da zafi mai tsanani, sai kabon ɗin ya dinga sauka yana kwanciya a kan yankin nan hawa hawa, cikin ƴan makonni an samu dutse, abun da ƙasa take ɗaukar shekaru biliyan tana yi. China da Indiya su suke kan gaba, garin Surat da dama can nan ake goge yawancin daimon ɗin duniya yanzu shi ma yana nomawa, har firaministan Indiya Modi ya ba matar Biden kyautar irinshi mai karat 7.5 a 2023.

De Beers da suka riƙe kasuwar daimon sama da shekara 100 sun so suyi dabara, a 2018 suka buɗe Lightbox suna sayar da na ɗakin gwajin dala 800 kowane karat, wai don mutane su ɗauke shi a matsayin kayan wasa na ƙasa kuma shine na aure. Dabarar bata ci ba, farashin na ɗakin gwajin ya ci gaba da zubewa, amare a Amurka kuma suka ce ai gara babba mai sheƙi a kuɗi kaɗan, na ƙasan ma farashinshi ya bi ya sauka, a 2025 suka sanar da rufe Lightbox ɗin. Pandora tun 2021 suka ce sun daina amfani da na haƙa. Abun da yafi taɓa min zuciya Botswana ce, ƙasar da ta gina makarantu da asibitoci da kuɗin daimon, yawancin abun da take fitarwa waje kenan, a 2024 tattalin arzikinta baya yayi. Wato na'ura a wata nahiya ta taɓa albashin malamin makaranta a Gaborone, babban birnin Botswana.

Amma kuma ka ga Cartier da Van Cleef masu yin gwala-gwalai basu girgiza ba, ciniki ma suke ƙarawa, don mai sayen awarwaron Cartier ba dutsen yake saye ba sunan da zanen yake saye. Zinare kuma da ba a iya noma shi a tukunya ai kaga inda ya kai, ya haura dala 3,000 kowane oza a Maris na 2025, kafin shekarar ta ƙare ya wuce 4,000, shi yasa a China wani kamfanin gida Laopu Gold mai aikin zinare na gargajiya mutane suke layi a ƙofar shagonshi alhali shagunan Turawa na gefe ba kowa.

Abu na biyu da zan ce ka sa wa ido shine gwanjo. Kar ka raina shi. Ƴan matan yanzu kafin su sayi jaka sai sun duba nawa zasu sayar da ita nan gaba, shafuka irin su Vestiaire Collective da The RealReal a kan wannan suka ginu, Kering da kanshi ya sayi hannun jari a Vestiaire a 2021, Rolex kuma a ƙarshen 2022 ya fara sa hatiminshi a kan tsofaffin agogonshi ana sayarwa da garanti. Da can kunya suke ji ace kayansu na gwanjo, yanzu sun gane in kayanka baya riƙe daraja a hannu na biyu sabon ma ba zai sayu ba.

Ɗan_Auta ya rubuta:

Na gode Baba, na gode Umma, wallahi na ƙaru. Amma Umma in kasuwar gwanjo ta bunƙasa haka ai jabu zai cika ta, ta yaya wanda yake saye ta intanet zai san na gaske ne? Kuma har yanzu ba wanda ya taɓo min maganar AI ɗin kai tsaye, ko dai duk zuzutawa ce?

Injiniya_Z ya rubuta:

Ɗan'uwa rabi zuzutawa rabi gaskiya, kuma yana da kyau ka iya raba su don kar ka ɓata shekarunka.

Ka tuna 2021 da Facebook ya canza suna ya koma Meta, kowa yace nan gaba a duniyar kwamfuta zamu zauna, har aka sayar da hoton jakar Gucci a cikin wasan Roblox sama da dala 4,000, fiye da kuɗin jakar ta gaske, Nike ya sayi kamfanin RTFKT mai yin takalman cikin kwamfuta da ba a sawa a ƙafa, ƙarshen 2024 ya sanar da rufe shi. Haka Farfetch da aka ce shi zai zama kasuwar kayan alatu ta intanet, sai da Coupang na Koriya ta Kudu ya kawo dala miliyan 500 ya tsamo shi a Disambar 2023, Matches kuma, wani shagon intanet irinshi, ya durƙushe a 2024. Matsalar a fili take, talla tana cin kuɗi, kwastoma ya yi odar riga uku ya dawo da biyu a kan kuɗinka, manyan tambura kuma basa so wani ya tsaya tsakaninsu da mai saye balle ya yi musu ragi.

Inda fasahar take aiki da gaske ba a cika ganinshi ba don a bayan shago yake. Tambayarka ta jabu misali, akwai Entrupy, ƴar na'ura ce da ake haɗawa da waya, a ɗora ta a kan jaka ta ɗauki hoton fatar da zaren da bugun tambarin an ƙara musu girma sosai, sai manhajar ta gwada da tarin hotunan na gaske da na jabu da aka horar da ita da su ta baka amsa. Sai kuma Aura, haɗakar da LVMH da Prada da Cartier suka kafa a 2021, abokan gaba ne fa a kasuwa amma suka zauna tare, don kowane kaya ya samu shaidar haihuwa ta dijital da ba a iya gogewa, ka kara wayarka a jikin kayan ka ga tarihinshi.

Kuma wannan ya kusa zama dole ba ganin dama ba. Tarayyar Turai tayi doka da ta fara aiki a Yulin 2024 wadda zata sa kaya su dinga zuwa da fasfo na dijital, da me aka yi shi, daga ina, ya ake gyara shi, tufafi suna cikin na sahun gaba, dokar kuma ta hana manyan kamfanoni lalata tufafi da takalman da basu sayu ba daga Yulin 2026. Kasan da ƙonawa suke yi don kar kaya yayi araha, Burberry a 2018 ya bayyana cewa ya lalata kaya na sama da fam miliyan 28 a shekara ɗaya sai da duniya tayi musu ca suka daina. To in ba zaka iya ƙonawa ba dole ka san adadin da zaka ɗinka tun farko, a nan AI yake da amfani, hasashen wane launi wane saiz wane gari. In kana neman inda zaka sa kanka ni nan zan nuna maka, tantance kaya, bin diddigin inda suka fito, lissafin kaya, gyara. Ba ƙyalli amma aiki ne da ba zai ƙare ba.

Wanda nake tausayawa masu ɗaukar hoto ne da masu tallata kaya, a 2025 an ga tallar kamfanin tufafi na Guess a mujallar Vogue da mace wadda ba mutum bace kwata kwata AI ne ya ƙirƙire ta, mutane sunyi ta faɗa amma ƙananan kamfanoni zasu bi don sauƙin kuɗi.

Kawu Sule ya rubuta:

Yara kun yi ƙoƙari, bari in ƙara muku da tarihi don wannan rigimar an taɓa yin ta. A Disambar 1969 Seiko na Japan ya fito da agogon batir, yafi na Switzerland daidaita lokaci kuma daga baya yazo yafi shi araha nesa ba kusa ba, masu aikin agogo a Switzerland daga wajen 90,000 suka koma wajen 30,000, kamfanoni ɗaruruwa suka rufe. Waɗanda suka rayu sun daina sayar da lokaci ne suka koma sayar da aikin hannu da gado, abun da uba zai bar wa ɗa. Da Apple Watch yazo a 2015 aka sake, zuwa 2019 shi kaɗai yafi duk Switzerland yawan agogon da aka sayar, adadin agogon da ƴan Switzerland suke fitarwa ya ragu daga wajen miliyan 28 zuwa miliyan 15 da ɗoriya a 2024, amma kuɗin da suke samu sai da ya kafa tarihi a 2023, sama da faran biliyan 26 na kuɗin Switzerland. Kaɗan suke sayarwa da tsada. Na tsakiya shine ya mutu, don Bahaushe yace araha bata ado, wanda yake neman ado zai haura sama wanda yake neman amfani zai sayi na waya.

Sai dai Baban Khalifa kar mu ɗauka suna da tarihi zasu kare Turawa har abada. Ku dubi mota. Porsche a China cinikinshi ya faɗi da kashi 28 a 2024, a shekarar da Xiaomi mai yin waya ya fito da SU7, mota mai lantarki mai gudun tsiya a kuɗin da bai kai rabin nasu ba, matashin Shanghai kuma a wurinshi alatu shine allon motar da manhajarta ba ƙarar inji ba. Ferrari ne bai ji komai ba don shi gaba ɗaya motoci 13,752 ya miƙa a shekarar kuma layi ake bi.

Baban Khalifa ya rubuta:

Kawu ranka ya daɗe na karɓi gyaran nan na mota, a nan kam fasaha ce ta yi musu illa ba haɗama kaɗai ba. Amma maganar mutuwar na tsakiya ita take bani tsoro, don LVMH da Kering ba zasu iya rayuwa a kan kashi 2 ɗin nan ba, shagunansu dubbai ne ma'aikata dubu ɗaruruwa, shi yasa kake ganin LVMH ya sayi otal-otal na Belmond a 2019, ya ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da tseren motoci na Formula 1 daga 2025, suna bin mutane inda kuɗinsu ya koma, tafiye-tafiye da kallo. Ɗan_Auta in zaka ci gaba da bibiya ka dinga duba abu biyu a rahotonsu na kowane wata uku, cinikin yankin Asiya da kuma ko sun fara fito da ƙananan kaya masu sauƙin kuɗi. Louis Vuitton dai ya riga ya fara sayar da jan baki a 2025, ɗaya dala 160.